Da Kunne Na Auna Makarantar 'Yata

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni matar aure ce a wani lungu cikin unguwar Koki, ina da yara ƙanana, da injin murza taliya, da baki. Bakin nan duk wadda ta zauna da ni a gidan biki za ta ba da shaidarsa. Ni ba mai iya zama wuri ɗaya ba ce, ko hannuna na aiki kunnena yana wani wajen, kuma in na ƙulla abu a raina ba na barin kowa ya huta sai an yi. Maigidana ɗan kasuwa ne, in ya fita da sassafe sai bayan magariba, don haka gida da yaran cikinsa a hannuna suke. Mahaifina malamin allo ne, a zaurensa na tashi, na yi karatun Alƙur'ani daidai gwargwado, amma boko ko baƙi ɗaya ban sani ba, don Baba bai sa 'ya'yansa mata ba. Wannan bai hana ni ɗaukar kaina wadda ta fi kowa a unguwar sanin makaranta mai kyau da marar kyau ba. Hujjata kuwa katangar gidanmu ce.

Gidanmu da firamaren gwamnati ta unguwa baya da baya suke. Katanga ce ta ƙasa, doguwa, tun ta kakan maigidana, bayanta ɗan tsukin wuri, sannan tagogin ajujuwa biyu. Ɗaya yana daidai bayan madafata, ɗaya kuma bayan rumfar da nake zama in murza taliya. Ƙofar makarantar tana can ta wancan ɓangaren, sai an fita lungunmu an zaga ta bakin titi inda maza ke zaman majalisa, ni kuwa ban taɓa taka ta ba. Ban ga amfanin zuwa ba. Tun daga ƙararrawar safe har a tashi makarantar a kunnena take. Ina murzawa ana jihohi da manyan biranensu, ina shanya a igiya ana biyu sau biyu, har ni da ban je boko ba na haddace, ina amsawa daga tsakar gida.

Ma'aunin da nake aunawa da shi a gida na gaje shi. A zauren Baba shiru laifi ne. In yara suka yi ƙasa da murya, ko daga cikin gida yake sai ka ji gyaran muryarsa, nan take zauren ya sake ɗauka. Ya sha faɗa mana cewa in zai wuce makarantar wani malami, tun daga bakin lungu yake sanin ko karatu ake ko wasa. Da wannan na girma, don haka a wajena aji mai ƙara shi ne aji mai malami, mai shiru kuwa ko barci ake ko malamin yana can yana hira. Matan lungunmu suka gane ina da kunne a makarantar, suka mayar da ni alƙaliya. Wadda za ta sa ɗa sai ta aiko a tambaye ni wane aji ne ke ci bana, wadda ke tunanin cire nata ta kai makarantar kuɗi sai ta biyo sayen taliya ta tsaya jin ta bakina. Ni kuma in gyara zama in yanke hukunci, in ce malam wane ya iya, malama wance kuwa albashi kawai take ci, alhali ko a hanya muka gamu ban san fuskarsu ba. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba, kaina har fasuwa yake.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa matan nan ba. Ba makarantar nake saurare ba, murya ɗaya nake nema a cikinta. 'Yata ta fari ce, kun kuma san yadda muke da ɗan fari. A gidanmu an riƙe wannan kunya da ƙarfi. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Ba na jan ta a jiki gaban mutane, ba na yabonta, in ta faɗi ta fasa gwiwa sai dai wata ta ɗaga ta. Wan mijina, wanda muke kira Yaya Alhaji, shi ya kai ta aka ɗauke ta a makarantar, don in aka ga na yafa mayafi na tafi saboda 'yar fari, surukata da ƙannen miji sun samu abin tsokana na shekara. To amma babu wanda ya hana uwa sauraro, kuma a gindin katanga babu mai ganina. Allah ya ba yarinyar murya siririya mai kaifi, ko tana ajin can ciki sai na tsamo ta a cikin yara, in na ji ta kuwa sai hannuna ya ƙara sauri a kan inji. In ta dawo ba na ce mata komai, sai dai ta tarar da dafaffen ƙwai a kan taliyarta. Ranar da ban ji ta ba kuwa, sai in juya baya ina wanke-wanke in ce, yau dai wasu barci suka je yi makaranta. Ban ɗauka tana haɗa waɗannan abubuwa ba.

Da suka shiga aji uku aka kawo su ɗakunan nan biyu na jikin katangarmu, rabi bayan rumfa wajen wani malami da na daɗe ina yabo, rabi bayan madafa wajen wata sabuwar malama. Tawa ta faɗa bayan madafa. Daga makon farko hankalina ya tashi. Ajin bayan rumfa yana tashi kamar zai ɗaga kwano, na bayan madafa kuwa tsit. In na bar inji na je na manna kunne a katanga, abin da nake ji bai wuce motsin benci ba, da muryar malamar ƙasa-ƙasa, sai wani yaro shi kaɗai yana jan baƙi, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Sai a yi shiru mai tsawo, sannan wata yarinya ta kama nata jan. Sai in yini ban ji tawa ba ko sau ɗaya. Na kasa zaune na kasa tsaye. Taliya ta riƙa tsinkewa a hannuna, miya ta riƙa kamu, ina zirga-zirga tsakanin rumfa da madafa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In maigida ya dawo in tare shi da maganar tun bai cire takalmi ba, ya ce shi bai ga aibu ba, in ce ai shi ba ya gida, ni ce nake ji.

Da wata uwa ce, da sai ta ce a mayar da 'yarta ajin bayan rumfa, magana ta ƙare. Amma ni bakina ba zai iya furta 'yata ba, don haka na mayar da abin na yaran unguwa baki ɗaya. Na sa Yaya Alhaji a gaba, shi da yake cikin ƙungiyar iyaye da malamai kuma yana da sanayya a ofishin ilimi. Kullum ya shigo gaishe da Hajiyarsu sai na tsugunna na kai ƙara, in ce amanar yaran mutane ake ci a bayan madafata, ni kuma shaida ce. A gidan suna na faɗa, a gidan biki na faɗa, har muka laƙaba wa baiwar Allah suna Malama Shiru. Hedimasta ya aiko ta bakin Yaya Alhaji cewa in daure in shigo ko sau ɗaya, in zauna a bayan aji in ga yadda take koyarwa. Na mayar da amsa cewa tun kafin a kawo shi makarantar kunnena yana cikinta, ba sai an nuna mini ba. Matan da ke wajen suka yi dariya suka tafa, ni ma na ji na burge.

Malamar da kanta ta zo wata ranar Alhamis bayan an tashi. Doguwa ce, ba ta da jiki, hijabinta duk ƙurar alli. Ta yi sallama ta zauna bakin tabarma tana kirana Hajiya. Na kawo mata ruwa, don ban rasa tarbiyya ba, amma na haɗe rai. Ta ce ta ji abin da ake faɗa, ta zo ne ta yi mini bayani. Yaran da aka ba ta, in ji ta, sun iya rera komai amma yawancinsu ba su san baƙin da suke rerawa ba, shi ya sa take bin su ɗaya bayan ɗaya, saura kuma ta ba su abin dubawa kafin layi ya zo kansu. Ta ce yarinyata ta fara haɗa baƙi da wasali, tana da kai, in aka yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara zan sha mamaki. Jin an yabi 'yar fari a gabana ya sa na ƙara tsuke fuska, na ce ni ba ta wata yarinya nake ba. Na ce mata ni a cikin karatu aka haife ni, ban taɓa jin inda aka yi ilimi da baki a rufe ba, in kuwa muryarta ce ba ta da ƙarfi ta nemi aikin ofis. Ta yi ɗan murmushi, ta sha ruwan, ta ce Allah ya sa mu dace. Na ƙulla mata taliya a leda don kada a ce, ta karɓa ta yi godiya. Duk abin nan yarinyar tana raɓe a ƙofar ɗaki, ta raka ta da ido har zaure.

Kafin zangon ya ƙare aka ɗauke malamar, aka mayar da ita wata makaranta can wajen Ƙofar Dawanau. An ce za a turo wani, ban bi ba'asi ba, domin abin da nake so ya samu. Bayan hutu ajujuwan biyu suka kama ƙara tare, har maƙwabta na cewa ba sa jin rediyo. Iska ta yaye kwanon wani ɓangaren makarantar, don haka su yarinyar ba su bar ɗakunan nan ba har suka kai aji biyar, muryarta kuwa ta dawo fiye da da. Daga baya ma na lura ita ce ke bayarwa saura na amsawa. Littattafanta cike da rubutu mai kyau, layi-layi kamar ɗinkin hula, babanta ya duba ya ce masha Allah. Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata su tsayar da ni. In maƙwabciya ta kawo waya a karanta mata saƙo, sai yarinyar ta tuna an aike ta, ko ta ce idonta na yaji. In babanta ya miƙa mata takarda sai ta ce bari ta ɗebo masa ruwan alwala. Na ɗauka kunya ce, har ina jin daɗi a raina cewa ta gado ni.

Shekarar da suke aji biyar damina ta yi ƙarfi, mu kuma mun yi sakacin yaɓe. Katangar ta sha ruwa duk tsawon hutu. Bayan an koma makaranta, wata ranar Asabar da la'asar ana tsaka da ruwa muka ji rugugi. Katangar ce ta zube daga bayan madafa har rabin rumfa. Allah ya tsare babu kowa a wajen, igiyoyin shanyata ne kawai suka tafi. Magini ya ce ba zai taɓa aikin ba sai ruwa ya ɗauke, don haka muka farke buhunan fulawa muka ɗinke muka rataya a wurin don sutura. Ranar Litinin na zauna a inji kamar kullum, aka buga ƙararrawa, can sai muryar tawa ta tashi tana bayarwa. Ban taɓa jin ta kusa haka ba. Na ce wa kaina ba zan leƙa ba. Na murza, na tsaya, na sake murzawa, na tashi na sha ruwa na dawo. Daga ƙarshe na duba babu kowa a tsakar gida, na je na ɗaga gefen buhu.

Tagar ba ta da murfi, ajin gaba ɗaya a gabana yake. Abin da na fara nema malami ne, babu shi. Yara ne cunkus, wasu a benci wasu a ƙasa, wani yana cin gyaɗa, wasu biyu suna shurin juna a ƙarƙashin tebur, wata tana yi wa ta gabanta tsifa, kuma duk bakinsu na amsawa daidai ba kuskure. Babu mai kallon allo. A gaba kuwa 'yata ce tsaye da sanda, jijiyar wuyanta ta miƙe, tana bayarwa tana nuna allo. Ban san boko ba, amma ni 'yar malam ce, na san yadda tsinke ke bin karatu: in baki ya tsaya ya tsaya, in baki ya wuce ya wuce. Sandar nan yawonta kawai take. Ta kai ƙarshen layi baki bai kai ba, ta dawo farko ta sake tafiya. Rabin allon ma ɗigar ruwa ta wanke shi, babu komai a kai, amma sandar ta bi ta kan wurin tana nunawa. Fuskar yarinyar kuma ba ga yaran take ba, ba ga allon take ba, ta ɗan karkato ta wajen taga, wajen gidanmu. Can sai ga malamin da na daɗe ina yabo ya shigo da sauri, ashe dattijo ne, gumi ya jiƙa masa riga. Ya cika allon da rubutu ya ce su kwafa, ya gaya wa yarinyar abin da za ta ja musu in sun gama, ya fice zuwa ɗaya ajin. Nan na gane ba a taɓa turo kowa a madadin malamar ba. Shi kaɗai ke riƙe da ɗakunan biyu, ƙarar nan kuwa da ita yake ɗaure yara kafin ya dawo.

Na saki buhun na koma na zauna, ban iya taɓa inji ba. Abin da ya riƙa dawo mini zauren Baba ne. Gaskiya ne yana da ƙara, amma wace irin ƙara? Kowane yaro da allonsa a cinya, kowa da inda yake, wannan yana farkon sura wancan yana ƙarshen wata. Kuma a cikin hayaniyar nan Baba na kiran su ɗaya bayan ɗaya, yaro ya durƙusa gabansa ya biya shi kaɗai, tsinke a kan baƙi, in ya yi tuntuɓe a mayar da shi baya. Ba a wanke allo sai an tabbatar. Wato abin da malamar nan take yi a bayan madafata shi ne ainihin abin da Baba yake yi, ni kuwa na riƙe hayaniyar na yar da biyawar. Da idona na ga wannan shekara da shekaru, amma ban taɓa haɗa biyun ba sai da katanga ta faɗi. Kwanakin nan ban san adadin leƙen da na yi ba. Kullum ina fatan in ga wani abu dabam, kullum abu ɗaya nake gani.

Ranar da na kasa daurewa, yarinyar ta dawo ta ajiye jaka, na kira ta da sunanta. Sunan ya yi mini nauyi a baki. Ta tsaya cak tana waige, ta ɗauka wata ce ta shigo, da ta gane ni ce sai tsoro ya kama ta. Na kai ta gaban buhunan nan, akwai manyan rubutu a jikinsu, na karyo tsinken tsintsiya na yi mata irin gwajin Baba. Na ɗora a kan baƙi ɗaya na tambaye ta mene ne, ta faɗi wani abu. Na nemo mai kama da shi sak a wani buhun na ɗora, ta faɗi wani abu dabam. Na koma kan na farko, ta sake canzawa. Sai ta durƙushe ta fashe da kuka. Cikin kukan ta ce rubutun littafinta zane ne kawai, tana kallon allo tana kwaikwayo, a jarrabawa kuma abin da suka rera malam ke karanto musu su zaɓa. Ta ce a ajin malama ta fara ganewa, har ta taɓa karanta sunan wani shago a hanya ita kaɗai, ta zo gida da gudu za ta faɗa, ta tarar ina cewa wasu barci suke zuwa yi. Ta ce ta san ina saurare, ta san wace rana ake sa ƙwai. Shi ya sa take riga kowa zuwa ta kama wurin taga, shi ya sa ta nemi a ba ta sanda, don in ji ta sosai. Ta ce ita ta ɗauka abin da nake so ke nan.

Washegari na saka hijabi. Surukata ta tambayi ina za ni, na ce makarantar 'yata, na faɗi sunan, ta bi ni da kallo. Na zaga ta bakin titi, na wuce majalisar mazan nan, na shiga ƙofar. Hedimasta bai yi mini gori ba, abin da ya ce kawai shi ne ya taɓa aiko mini, kuma ya nemi a turo malami har ya gaji. Daga nan na hau adaidaita zuwa Ƙofar Dawanau neman malamar nan, ina bin makaranta bayan makaranta ina kwatance, don ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba, sai wanda muka laƙaba mata, shi kuwa ba ya tambayuwa. Da na same ta na tsaya a bakin ajinta. Shiru ne irin wanda na sani, wata yarinya na jan baƙi a gabanta, saura kansu a sunkuye. Ta ɗago ta gane ni, ta kira ni Hajiya mai taliya. Duk bakin nan nawa ya mutu, da ƙyar na haɗa maganar neman gafara. Ta ce ta yafe, amma ba za ta ɓoye mini ba abin ya yi mata ciwo, kuma komawa ba a hannunta yake ba. Sai ta tambayi yarinyar da sunanta, ta tambaya ko ta ci gaba daga inda suka tsaya. A nan ne hawaye suka zubo mini.

Ta yarda a riƙa kai mata ita gida Asabar da Lahadi can wajen Kabuga, ni nake kai ta da kaina in zauna a tsakar gida in jira. Ba abu ne mai sauƙi ba. Yarinya ta fara zama budurwa, ga ta a tabarma ɗaya da 'yan aji ɗaya tana ba, be, bi. Sau da yawa a hanya take kuka ta ce ita ba za ta koma ba. Ta ajiye sandar monita, yara suka yi ta yi mata dariya da suka gane dalili. Sa'o'inta suka wuce zuwa sakandare, mu muka roƙa aka maimaita mata aji. Ga kuma matan lungu waɗanda na hana cire yaransu na ce makaranta ta gyaru, sai da na bi su gida-gida na ce kowace ta gwada nata. Wasu sun gode, wata ta ce mini da ma a kan taliyar na tsaya, kuma har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Ban ga laifinta ba. An gina katangar da bulo, an kuma ƙaro malama ɗaya bayan iyaye sun yi ta sintiri. Har yanzu ina jin ajujuwan, amma in ƙara ta yi yawa gabana ne ke faɗuwa, sai in bar inji in zaga.

Abin da nake so in gaya wa iyaye, musamman 'yan'uwana mata, shi ne kada ku auna makaranta daga waje, ko da ƙara, ko da fenti, ko da bakin irina a gidan biki. Ki shiga ki zauna a bayan aji. Ki zaunar da ɗanki shi kaɗai ki ɗora yatsa a kan baƙi, ko ba ki yi boko ba za ki gane mai karatu da mai rerawa. Kafin ku haɗu ku sa a ɗauke malami, ku tambaya wa zai zo a madadinsa. Kunyar ɗan fari kuma tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ku sani yaro yana lura da uwarsa ko ba ta yi magana ba, kuma abin da ya ga yana faranta mata shi zai yi ta yi, ko da shi ne zai cutu.

Yarinyar tana sakandare yanzu, tana karatu a hankali, yatsa a kan layi. Ita ce ma ke rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, kanta a sunkuye, ba ta ce a cire komai ba. Amma tun ranar buhunan nan ban sake jin ta ɗaga murya a kan karatu ba, ko a makaranta an ce ba ta yarda a tashe ta ta yi karatu. In tana bita a ɗaki shiru ne, ni kuma in yi ta kaiwa da komowa a bakin ƙofa, tsohon halin yana cina, ina danne bakina kada in tambaya ko barci take. Ɗazu da muka kusa gamawa na ce ta karanta mini abin da ta rubuta in ji ko ya yi daidai. Ta ce in bari babanta ya dawo ya karanta mini.